Abin da Rumbu Bai Koya Mana Ba Game da Dankalin Turawa

Kusan duk hikimar ajiyar abinci da muka gada a ƙasar Katsina hikimar busarwa ce. Gero da dawa ana barin su su ƙosa a kan kara, a yanke, a ɗaure dami, a jera a rumbu. Kuɓewa a yanyanka ta a shanya, tumatir ya zama kauɗa, ganyen kuka ya zama gari, nama ya zama kilishi. Rana ce babbar ma'aikaciyar ajiyarmu, kuma ba ta karɓar lada. Ko sabuwar dabarar da ta zo wa manoman wake, wato buhun PICS mai ruɓi uku da aka ƙirƙiro a Jami'ar Purdue ta Amurka, a kan wannan turba take: a busar da wake sosai, a toshe masa iska, ƙwaron da ke ciki ya mutu.

Dankalin Turawa ya shigo ɗakunan girkinmu ne ba tare da ya san wannan doka ba. In ka shanya shi ya yi kore. In ka toshe masa iska ya ruɓe. In kuwa ka jingine buhunsa a kusurwar sito kusa da buhun shinkafa, ka ce sai ƙarshen wata, to kafin ƙarshen watan zai fito maka da fararen ƙahonni daga kowane ido, ya yamushe kamar fatar tsoho. Na ga wannan a gidajen 'yan'uwa da abokai a Kankiya fiye da yadda zan iya ƙirgawa, kuma galibi a gidajen ma'aikata ne, domin mu ne muka ɗauki sayen abinci da buhu a matsayin alamar magidanci ya san ciwon kansa. Shekarun nan da azumi ke faɗowa tsakanin Fabrairu da Afrilu sun ƙara fito da matsalar fili. Ana jajiberin watan, maigida zai sayo rabin buhu don soyayyen dankali da ƙwai na buɗa-baki, kafin goma ta tsakiya ta ƙare uwargida ta fara tsince ruɓaɓɓu tana fere masu tsiro.

Dalilin yana cikin halittar abin. Ƙwayar gero da ke rumbu ruwan jikinta bai wuce kashi 12 ko 13 cikin ɗari ba, rayuwarta ta tsaya cik har sai ruwan sama ya tashe ta. Dankali kuwa kusan kashi 80 cikin ɗari na nauyinsa ruwa ne, kuma yana numfashi dare da rana: yana shaƙar iska, yana ƙona sitacin jikinsa, yana fitar da ɗumi da danshi. Masana tsirrai ma ba su lissafa shi cikin saiwoyi, duk da a ƙasa ake haƙo shi. Kara ne da ya kumbura a ƙarƙashin ƙasa, idanun nan da ke jikinsa kuma su ne wuraren toho, kamar gaɓoɓin rake ko na rogo. Bayan an haƙe shi yakan yi wani barci da ba abin da ke tashe shi, ko da an binne shi a danyar ƙasa. Barcin na iya ɗaukar makonni kaɗan ko watanni biyu zuwa uku, gwargwadon irin dankalin da yanayin da ya samu kansa. Da barcin ya ƙare sai idanu su buɗe. Duk abin da ake kira hana dankali tsiro, a gida ne ko a manyan rumbunan Turai, jinkirta wannan farkawa ne kawai.

Babban abin da ke gajarta barcin shi ne zafi. Dankalin ci ya fi zama lafiya a sanyin digiri 7 zuwa 10 a ma'aunin Salshiyos, cikin duhu, da iska mai ɗan danshi tana ratsa shi. A Kankiya kuwa, ko a tsakiyar hunturu, a Disamba da Janairu, sanyin asuba da ke sa mu rufa da bargo biyu yakan tsaya ne a wajen digiri 12 zuwa 15. A Afrilu da Mayu zafin rana yakan kai 40, sito mai rufin kwano kuma ya fi waje zafi. Ma'ana, babu wani ɗaki a garin nan da yake da yanayin da dankali ke so, ko da na mako guda ne a shekara.

Ba abin mamaki ba ne, don asalinsa ɗan tsaunukan Andis ne na Kudancin Amurka. A Nijeriya ma inda ya samu wurin zama shi ne tsaunin Jos, mai tsayin fiye da mita 1,200, inda aka ce Turawan haƙar kuza ne suka fara dasa shi don cin kansu. Har yau Bokkos da Mangu da Barikin Ladi ne cibiyarsa, kuma a Kuru, kusa da Jos, akwai tashar binciken dankali ta cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa da ke Umudike. Daga kasuwanni irin Maikatako ake loda shi a mota, ya sauka a 'Yankaba a Kano, daga nan ya biyo hanyar Bichi da Tsanyawa da Gidan Mutum Ɗaya kafin ya iso teburin mai kayan miya a Kankiya. A kowane zango an jefa buhun, an taka shi, ya kwana a rana. Mai saye yana ganin ranar da ya biya kuɗi ce agogo ya fara bugawa, alhali agogon ya fara tun ranar da fartanya ta tono shi, kuma kowace rana mai zafi a hanya ta cinye wani yanki na barcinsa.

Saboda haka rabin aikin ajiya a kasuwa ake yin sa. Wani dattijo mai sayar da dankali da na saba tsayawa wurinsa yana da gwaji guda da ya fi duk bayanin da na karanta sauƙi. Yakan ɗauki ƙwaya ya murza ta da babban yatsa, ya ce, "Malam, duba nan. In ɓawo ya saluɓe, wannan na yau da gobe ne, kada ka ajiye shi." Gaskiyarsa. Dankalin da aka haƙe kafin ganyensa ya mutu ɓawonsa bai kama ba, ruwa na fita daga jikinsa da sauri, ƙwayoyin cuta kuma na samun ƙofa. Wanda ya ƙosa, aka bar shi kwana 10 zuwa 14 a inuwa bayan haƙa, yakan warkar da ƙananan raunukansa da kansa, ya yi sabuwar fata a kansu. Na kan tambaye shi, "Baba, na ina ne, kuma yaushe aka haƙe shi?" Ba kullum yake da amsar tambaya ta biyu ba, amma ta farko kaɗai tana da amfani. Na daminar Jos, wanda ke cika kasuwa daga Yuli zuwa Satumba, yakan zo da laka da danshi, kuma ruɓewa ce ke riga tsiro kashe shi. Na rani, ko na Jos ne ko na lambunan da ake nomawa da ban-ruwa a nan Arewa cikin sanyin hunturu, ya fi zuwa a bushe da tsabta, sai dai yana isowa ne daidai lokacin da bazara ke buɗe ƙofa, shi ya sa tsiro ne ajalinsa.

In mutum ya nemi shawara a intanet zai samu amsoshi da yawa, amma an rubuta su ne don gidajen da ke da ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai sanyi. Akwai wadda ke yawo cewa a jefa tuffa guda a cikin buhu. Tana da ɗan tushe: tuffa tana fitar da wata iska mai suna etilin, kuma manyan rumbunan Turai suna amfani da ita wajen hana tsiro tsawo. Amma a can injin ne ke riƙe iskar a ma'auni ɗaya ba yankewa, cikin ɗaki mai sanyi. Etilin ɗin da ya zo ya wuce yana iya yin akasin haka, ya tashi dankalin daga barci. Ga shi kuma a Kankiya kuɗin tuffa ɗaya ya isa kashin dankali, kuma a zafin Afrilu ita za ta riga shi ruɓewa. Shawarar raba shi da albasa ta fi wannan ma'ana, ko da don dalili mai sauƙi: albasa bushewa take so, dankali danshi, kuma duk wanda ya fara lalacewa a cikinsu zai jiƙa ɗan'uwansa.

Batun firji ya fi rikitarwa. A sanyin ƙasa da digiri 4 ko 5 dankali ba ya tsiro, amma sitacinsa na rikiɗa zuwa sukari, sai ya yi zaƙi-zaƙi, in an soya shi kuma ya yi duhu tun bai nuna ba. Mai dafawa ko mai fate ba zai damu da wannan sosai ba. Matsalarmu ta daban ce: firjin da ke sanyi awa huɗu ya huce awa ashirin. Duk sanda wuta ta ɗauke, dankalin da ya yi sanyi sai ya yi gumi, ruwa ya kwanta a fatarsa, kuma babu abin da ƙwayoyin ruɓewa ke so kamar haka. Mai sola da batir da ke riƙe firji dare da rana zai iya gwadawa da tiya ɗaya ko biyu. Ga sauranmu, firji ya fi kwando haɗari.

Wurin da na ga dankali ya fi daɗewa a yankinmu shi ne wani tsohon ɗakin ƙasa mai rufin azara a gidan goggona a wani ƙauye na Kusada. Ginin ƙasa mai kauri yana jinkirta shigar zafi, don haka da azahar, lokacin da kwano ke ƙuna, cikinsa kamar gindin tsamiya yake. Ba ta taɓa barin dankali a buhun da ya zo ciki. Takan zazzage shi, ta ware duk mai rauni ko tabo don tukunyar ranar, sauran ta baza su a kan busasshen yashi a daɓe, ba ta tula su, ta rufa musu buhun algarara. Ba ta wanke shi sai za ta dafa. Bayan kwana uku ko huɗu takan ɗaga buhun ta bi su da hannu da hanci. Da na ce mata, "Goggo, wannan ai ya fi renon kaji wahala," sai ta ce ai shi ma mai rai ne. Ba ta karanta komai a kan numfashin dankali ba, amma kowane mataki nata yana da bayaninsa. Tulin dankali yana tara ɗumin numfashinsa a tsakiya. Leda ko buhun roba mai matsewa na hana shi iska, kuma in zafi ya haɗu da rashin iska sai tsakiyar ƙwayar ta mutu ta yi baƙi, alhali waje lafiya lau. Wanda ya taɓa yanka kyakkyawan dankali ya tarar da baƙar zuciya ya ga wannan. Wankewa kuwa na jiƙa idanu da ƙananan raunuka. Takan zuba ganyen bedi a gefe, wanda ina ganin yana taimakawa wajen korar ƙwari, amma ban ga alamar yana hana ido buɗewa ba.

Da wannan kulawa, a hunturu dankali mai kyau na iya kai wata biyu ko fiye. A bazara, in ya kai mako uku ba tsiro, an gode Allah. Mai gidan bulo da kwano zai iya kwaikwayon abin da ya samu: ɗakin da rana ba ta dukan bangonsa da yamma, ƙasa-ƙasa kusa da daɓe, nesa da murhu da bayan firji da janareta, a cikin kwando ko kwali mai huji. Akwai kuma dabarar randa cikin randa, wadda Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya yaɗa har ta ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000: ƙaramar tukunya cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, ruwan yana tsatsowa ta jikin babbar yana bushewa yana janye zafi. Ta fi aiki daidai lokacin da aka fi bukatarta, wato a busasshen zafin Maris da Afrilu, ta kuma raunana da zarar damina ta kawo laima. Tana iya riƙe ɗan dankalin mako biyu, muddin ruwa bai taɓa shi ba kuma ba a toshe bakin tukunyar ruf ba.

Tambayar da aka fi yi mini ita ce ko dankalin da ya riga ya tsiro yana ciwuwa. A nan maganar ta wuce asarar kuɗi. Dankalin Turawa dangin gauta da tumatir da zaƙami ne, kuma kamar sauran danginsa yana haɗa guba don kare kansa. Nasa su ne solanin da cakonin. A lafiyayyen dankali kaɗan ne ƙwarai, mafi yawansu a ɓawo da ɗan abin da ke ƙarƙashinsa, kuma iyakar da aka daɗe ana amfani da ita a ƙasashe da dama ita ce miligiram 200 a kilo guda. Amma tsiron kansa cike yake da su, haka kewayen idanun da suka buɗe, haka duk inda haske ya taɓa. Koren da ke fitowa a fata ba shi ne gubar ba, sinadarin kore ne irin na ganye, sai dai hasken da ya haifar da shi shi ne ke ƙara gubar, don haka kore shaida ce. Dafawa ba ta kashe ta, suya ma kaɗan take ragewa. Fera mai zurfi ce ke cire mafi yawanta. In ƙwayar tana da tauri, tsiron gajere ne, a ƙwaƙule idanun da bakin wuƙa, a fere da kauri, a ci. In ta yi laushi ta yamushe, ko koren ya shiga cikin nama, ko kuma an ɗanɗana an ji ɗaci da ƙaiƙayi a maƙogwaro, a zubar, kada kuma a ba awaki. Yara sun fi shiga haɗari saboda ƙarancin nauyinsu.

Wani zai ce ai ba a taɓa jin dankali ya kwantar da kowa ba. An taɓa. A 1979 likitoci a Ingila suka wallafa rahoton yara 78 na wata makaranta a kudancin Landan da suka kamu da amai da gudawa da zazzaɓi bayan cin dankalin da ya kwana a sito tun zangon karatun da ya gabata. 17 daga cikinsu sai da aka kwantar a asibiti, duk da dai dukkansu sun warke. Abin da ya fi tsaya mini a rai game da labarin shi ne alamomin: amai, murɗar ciki, gudawa, jiri. A wurinmu, in yaro ya zo da waɗannan bayan buɗa-baki, ruwan sha za a fara zargi, ko taifot, ko maleriya. Ba wanda zai tuna da koren dankalin da aka fere sama-sama don kada a yi asara.

Wani abu kuma game da cire tsiro da hannu: yana taimakawa, amma sau ɗaya ko biyu. Idon da ke kan gaba shi ne ke danne sauran, in aka karye tsironsa sai idanu uku ko huɗu su buɗe a madadinsa, kowanne yana zuƙar ruwa da sitaci. Dankalin da aka karye wa tsiro ya shiga layin tukunya ke nan.

Kada a gauraya duk wannan da dankalin Hausa, wanda suna kawai suka haɗa. Shi saiwa ce ta gaske, daga wani dangi daban, ɗan ƙasar zafi. Sanyin ƙasa da digiri 13 lalata shi yake yi, don haka firji maƙiyinsa ne, tsironsa kuma ba guba ba ne, har ganyensa ana miya da shi a wasu wurare. Manomanmu sun san shi tun kaka da kakanni, sun san binne shi a yashi da yanyanka shi a shanya. Na Turawan ne baƙo.

Ƙasashen da suka daɗe da baƙon nan ma ba su gama da shi ba. Shekaru da dama manyan rumbunan Turai sun dogara ga wani magani mai suna chlorpropham da ake turara wa dankali, har Tarayyar Turai ta ƙi sabunta lasisinsa a 2019, aka koma ga etilin da man na'a-na'a da makamantansu, masu tsada da bukatar maimaitawa. Manoman Andis kuwa tun kafin zuwan Turawa suna shimfiɗa wani ganye mai ƙamshi dangin na'a-na'a tsakanin dankalinsu, wani kuma su bar shi sanyin dare ya daskarar, su tattake ruwan, rana ta busar, ya zama abin da ke shekaru bai lalace ba. Su ma busarwa suka koma, sai dai suna da ƙanƙarar da ba mu da ita. Misalin da ya fi kama da namu shi ne Indiya, ƙasa ta biyu a noman dankali bayan Sin. A filayen Uttar Pradesh ana shuka shi da sanyi, a haƙe a Fabrairu da Maris, zafi mai kama da na Katsina na biye da shi. Amsarsu ita ce ɗakunan sanyi na haya, waɗanda suka cika yankin Agra: manomi ya kai buhunansa, ya biya kuɗin ajiya, ya riƙa fitarwa har kaka.

Wannan ne ya sa nake ganin tsiron da ke ɓata wa uwargida rai a sito ɗan ƙaramin hoto ne na abin da ke karya manomi. Mai gero yana iya rufe rumbunsa ya jira farashi ya tashi. Mai dankali ba shi da wannan iko. Shi da maƙwabtansa duk a mako guda suke haƙa, duk a mako guda suke kai wa dillali, dillali kuma ya san ba mai iya komawa gida da kayansa. Watanni kaɗan bayan haka, dankalin da aka sayar da arha sai ya zama na masu hali. Idan magidanci a Kankiya ya ga arha ya sayi buhu, abin da ya yi shi ne ya karɓi haɗarin da manomi da dillali suka sauke, ya kai shi ɗakin da ya fi ko'ina zafi a gidansa. A ganina, daga Maris zuwa Yuni, sayen na mako ɗaya ko kwana goma ya fi arha ko da kuɗin tiya ya fi na buhu tsada, in aka lissafa abin da ake zubarwa da kaurin ɓawon da ake ferewa. In kuma arhar ta yi yawa har ba a iya kau da kai, gida uku ko huɗu su raba buhu guda a ranar da ya sauka.

Ga manomin lambu na nan ƙasa-ƙasa akwai ƙarin wahala: iri. Wanda ya haƙe a Maris ba zai sake shuka ba sai Nuwamba, wata takwas ke nan, bazara da damina duka a tsakani, kuma da wuya dankali ya kai haka a ɗakin da ba sanyi. Don haka da yawa sukan sake sayen iri daga Jos kowace shekara, da tsadarsa da cututtukan da ya ɗauko. Cibiyar Dankali ta Duniya da ke Lima, wadda aka kafa a 1971, ta yaɗa wata dabara mai arha don irin shuka: a baza shi a kan katakai cikin rumfa mai iska, inda haske ke shiga amma rana ba ta dukan sa. Hasken yana sa shi kore, yana kuma sa tsiron ya fito gajere, kakkaura, mai ƙarfi, maimakon dogayen fararen zaren da duhu ke haifarwa. Dabarar ta fi cin nasara a wurare masu tsayi irin Bokkos fiye da filin Katsina, kuma dankalin da aka ajiye ta wannan hanya na gona ne kaɗai, ba ya shiga tukunya.